Yadda Ake Haɗa Samfurin Jirgin Yaƙi USS Cole, Daga Zanensa Har Tarihin Aikinsa

A wuraren baje kolin kimiyya da fasaha na makarantun sakandare a Bauchi, sau da yawa akan ga ɗalibi ya zo da samfurin jirgin ruwan yaƙi na kwali, ya sha fenti, an jera masa bindigogi daga goshi har baya. Aikin yakan burge ido, amma da zarar alƙali ya nuna wani sashe ya tambayi amfaninsa da dalilin ajiye shi a wurin, sai bayani ya ƙare, domin hoto aka kwaikwaya ba tare da an fahimci jirgin ba. Jirgin yaƙi na zamani kuwa babu wani lungu a jikinsa da aka yi don ado. Kowane sashe amsa ce ga wata barazana, ko darasi ne da aka koya bayan an yi asarar rayuka. Wannan jagora na malamai ne da ɗalibai da masu sha'awar aikin hannu, kuma manufarsa ita ce mutum ya haɗa samfurin da zai iya kare kowane ɓangarensa da hujja.

Matakin farko shi ne zaɓen jirgi guda ɗaya mai suna da lamba. Distiroya jirgi ne matsakaici mai sauri, wanda babban aikinsa shi ne rakiyar manyan jirage, musamman masu dakon jiragen sama, da kare su daga harin sama da na kan ruwa da na ƙarƙashin teku. Nau'in da ya fi yawa a rundunar sojan ruwan Amurka shi ne Arleigh Burke, wanda aka ƙera fiye da guda 70 daga cikinsa, sai dai ba kamanninsu ɗaya ba. Zubin farko ya kama daga lamba 51 zuwa 71, zubi na biyu daga 72 zuwa 78, sannan daga USS Oscar Austin mai lamba 79 aka ƙara wa jirgin ɗakuna biyu na ajiye jirage masu saukar ungulu a baya, abin da ya sauya siffarsa gaba ɗaya. Wanda ya tattaro hotuna barkatai ya haɗa su, zai ƙare da jirgin da bai taɓa wanzuwa ba. Na zaɓi USS Cole mai lamba 67 saboda ɗan zubin farko ne, siffarsa ta fi sauƙin yankawa, sannan tarihinsa ya nuna a fili abin da zanen ya iya yi da abin da ya gaza yi. Duk hoton da za ka yi aiki da shi, ka tabbata 67 ce a rubuce a goshinsa.

Kafin ka taɓa reza, yana da kyau ka san yanayin da aka zana jirgin a ciki. A farkon shekarun 1980 babban abin da ya dami masu tsara yaƙin ruwa na Amurka shi ne makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyet, waɗanda za a iya harbo su da yawa lokaci guda daga jiragen sama da na ruwa. Maganin da suka samar shi ne tsarin Aegis, wanda ya haɗa rada da kwamfuta da makamai wuri guda, kuma aka fara ɗora shi a kan manyan jirage nau'in Ticonderoga a 1983. Da aka buƙaci jirgi mai sauƙin kuɗi da zai ɗauki wannan tsari, kamfanin Gibbs & Cox ya yi zanen, aka ba kamfanin Bath Iron Works da ke jihar Maine kwangilar jirgi na farko a 1985, aka kuma ƙaddamar da shi ranar 4 ga Yuli 1991, a gaban Admiral Arleigh Burke kansa, tsohon kwamandan distiroya a Yaƙin Duniya na Biyu wanda aka sa wa jirgin sunansa. Ma'anar wannan ga mai haɗa samfuri ita ce rada aka fara tanada, sannan aka gina jirgi a kewayenta.

Awo da kayan aiki

Tsawon USS Cole mita 154 ne, wato kusan filin ƙwallon ƙafa ɗaya da rabi idan aka auna da na filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, faɗinsa kuma mita 20. Ma'aunin da ya fi dacewa da teburin makaranta shi ne 1 cikin 200, domin lissafinsa ba ya wahalarwa: tsawo zai zama santimita 77, faɗi santimita 10, kuma duk wani awo na jirgin da ka samu a mita, ka raba shi biyu ka karanta amsar a santimita. Ka nemi zane biyu na jirgin, ɗaya daga gefe, ɗaya daga sama, ka kai shagon kwamfuta a faɗaɗa su har tsawon ya kai santimita 77, wanda zai ci takarda A4 guda uku a kwance. Kada ka bar shagon sai ka ɗora rula a kan abin da aka buga, saboda na'urar bugawa takan rage girman zane da kanta don ya shiga takarda, kuma ragin santimita biyu a nan zai bi ka har ƙarshen aiki. Ka buga kowane zane sau biyu, ɗaya na yankawa, ɗaya na dubawa.

Gangar jiki ta fi kyau da katako mai laushi, ginin sama kuma da kwali mai kauri marar rami a ciki, irin na bangon rijista. Za ka buƙaci farin gam na kafintoci, samfefa mai kaushi da mai laushi, sabuwar reza, rular ƙarfe, ɗan fotin da masu gyaran jikin mota ke amfani da shi, tsinken tsire, siririyar waya, da fenti. Yawancin waɗannan ana samunsu a kasuwar Wunti ko Muda Lawal. Yankan katakon kuwa a bar wa kafinta, musamman idan yara ne ke aikin. Ka liƙa zanen sama a kan allunan, ka kai masa ka ce, "Baba, don Allah a bi mini wannan layin da zarto, amma a bar ɗan rara a waje, kada a ci layin." Wannan rarar ita za ka cinye da samfefa daga baya. Akwai masu amfani da farin soson nan da ake sako firji ko talabijin a ciki saboda sauƙin sassaƙa, kuma yana yi, amma sufa gulu da fentin feshi suna narkar da shi nan take, don haka sai an rufe shi da takarda da farin gam tukuna.

Ka jera allunan bisa juna, mafi faɗi a sama, mafi ƙanƙanta a ƙasa, ka shafa gam, ka danne da bulo su kwana. Washegari ka liƙa zanen gefe a jikinsu, ka fara sassaƙa daga goshi. Goshin yana da tsini kuma ya karkata gaba sosai, gefunansa suna buɗewa yayin da suke hawa sama domin su watsar da igiyar ruwa, daɓen kuma yana ɗagawa a hankali zuwa gaba. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne sirantar da jirgin don ya yi kama da mai gudu. Arleigh Burke jirgi ne mai faɗi da gangan. Distiroyan da ya gabace shi, nau'in Spruance, tsawonsa ya ninka faɗinsa kusan sau goma, shi kuwa wannan bai kai sau takwas ba, kuma an yi hakan ne domin ya tsaya daram a cikin teku mai hauka, ya ci gaba da gudu ba tare da rada da makamansa suna tangaɗi ba. Idan santimita 10 ta yi maka kamar ta yi yawa, ka amince da rula. A ƙarƙashin goshi ka liƙa wani dunƙule mai siffar ƙwai, wanda shi ne mazaunin na'urar sauraron motsin jiragen ƙarƙashin teku, a baya kuma ka sa farfela biyu masu fukafukai biyar-biyar, da ƙarfen juya akala a bayan kowace. Ina ba da shawarar a yi gangar jikin cikakkiya a ɗora ta kan ƙafafu biyu, maimakon a yanke ta daidai bakin ruwa, domin rabin labarin wannan jirgi a ƙasan ruwa yake.

Ginin sama

A nan ne aikin ya fi buƙatar haƙuri. Idan ka duba hoton da kyau za ka ga kusan babu bangon da ya miƙe sak. Kowanne ya ɗan karkata, kusurwoyin kuma an daddatse su. Dalilin shi ne bango miƙaƙƙe yana mayar da hasken rada kai tsaye ga wanda ya aiko shi, karkatacce kuwa yana watsar da shi wani gefe, sai jirgin ya bayyana ƙarami a allon abokan gaba. Saboda haka kada ka naɗe kwali ɗaya ya zama akwati. Ka yanka kowane bango daban, ƙasansa ya ɗan fi samansa faɗi, ka goge bakinsa da samfefa a karkace, sannan ka haɗa su a kan ƙaramin katako da zai riƙe su daga ciki. Duk tsagar da ta rage ka cike ta da foti, ka goge bayan ya bushe.

Akwai wani abu game da wannan gini da ido ba ya gani a samfuri, amma ya wajaba mai bayani ya sani, wato da ƙarfe aka yi shi. Jiragen Amurka da suka gabata da alminiyam ake yi musu ginin sama don rage nauyi, amma ranar 22 ga Nuwamba 1975 sai USS Belknap ya yi karo da jirgin dakon jirage USS John F. Kennedy a kusa da tsibirin Sisili, man jirgin sama ya kwarara a kansa, wuta ta kama, ginin saman ya narke kusan gaba ɗaya. Bayan haka duniya ta ga abin da makami mai linzami guda ɗaya, ƙirar Exocet, ya yi wa jirgin Birtaniya HMS Sheffield a yaƙin Falkland a watan Mayu 1982, inda mutum 20 suka mutu, wuta da hayaƙi suka kori sauran daga jirgin. A watan Mayu 1987 kuma, ana dab da fara ƙera jirgi na farko, Exocet biyu daga jirgin saman Iraƙi suka kashe mutum 37 a kan USS Stark a Tekun Fasha. Darasin Belknap da na yaƙin Falkland ne ya sa aka koma ga ƙarfe, aka lulluɓe muhimman ɗakuna da sulken Kevlar, wani zare mai ƙarfi da ke tare ɓarɓashin fashewa, aka saukar da ɗakin sarrafa yaƙi zuwa cikin gangar jiki, aka kuma sa tsarin tace iska da zai kare ma'aikata daga guba da ƙurar nukiliya. Ƙarancin tagogi da ƙofofi da za ka lura da shi a hoto daga nan ya samo asali, don haka kada ka ƙara ko ɗaya don ƙawa.

Yanzu sai abin da aka gina jirgin dominsa. A jikin ginin gaba akwai faifai huɗu masu kusurwa takwas-takwas, biyu suna kallon gaba ta dama da hagu, biyu suna kallon baya, kuma su ne fuskokin radar SPY-1D. Faɗin kowanne ya ɗan haura mita uku da rabi, wato kimanin santimita 1.8 a samfurinka. Ka zana su da rula a kan siririn kwali, ka yanka da sabuwar reza a sara ɗaya, domin reza mai dakushi takan tauna bakin kwali, kuma waɗannan faifai su ne inda idon masani zai fara sauka. Bambancinsu da tsohuwar rada shi ne ba sa juyawa. Rada mai juyawa tana ganin kowane sashe na sama sau ɗaya ne a kowane zagaye, a tsakanin zagaye biyu kuwa makami mai gudun sauti ya riga ya ci tazara mai yawa. Kowace fuska ta SPY-1D tana ƙunshe da dubban ƙananan eriya, kwamfuta ce ke karkata haskensu zuwa inda take so cikin ƙiftawar ido, fuskoki huɗun kuma sun raba sararin sama a tsakaninsu, ta yadda jirgin ke bin abubuwa fiye da ɗari a lokaci guda. Ka lura cewa ginin da ke bayansu, har da bututun hayaƙi, an tsuke shi ne domin kada ya tare wa fuskokin baya gani. Idan ka faɗaɗa bututun hayaƙinka har suka sha gaban faifan baya, ka makantar da jirginka, kuma wanda ya san abin zai gane.

Hasumiyar eriya mai ƙafa uku ce, ta kuma jingina baya. Tsinken tsire da waya sun isa a yi ta, amma a bar ta sai ƙarshe saboda saurin karyewa. Bututun hayaƙi biyu ne, kowanne yana fitar da hayaƙin injuna biyu daga cikin huɗu ƙirar LM2500 na kamfanin General Electric, waɗanda asalinsu injin jirgin sama ne aka gyara don aikin ruwa. Su huɗun suna ba da ƙarfin doki kimanin 100,000, suna kuma tura jirgin da ya haura tan 8,000 da gudun da ya wuce kilomita 55 a awa. Akwai kuma ƙananan faranti uku masu kama da na tauraron ɗan'adam, ɗaya a saman ɗakin tuƙi, biyu a bayan bututun hayaƙi na biyu, waɗanda ke haska abin hari a daƙiƙun ƙarshe domin makamin da aka harba ya same shi.

Wajen makamai ne ake so mai aiki ya kame hannunsa, domin babbar bindiga ɗaya tak ce a jirgin, mai bakin milimita 127, a gaba, kuma tsawon bututunta a samfuri bai wuce santimita uku da rabi ba. Ƙarfen cikin biro da tawadarsa ta ƙare ya wadatar. Ainihin ƙarfin jirgin a binne yake a ƙarƙashin daɓe, cikin ramuka 90 da ake harba makamai masu linzami daga cikinsu a miƙe zuwa sama, 29 a bayan bindigar, 61 a can baya. Lissafin ya zo a haka ne saboda a kowane rukuni an ba da gurbin ramuka uku ga wata ƙugiyar loda makamai, wadda aka cire a jiragen baya har adadin ya koma 96. Daga waje murafai kawai ake gani, a jere kamar gidan dara, kuma ƙanƙantarsu ta sa zana su da fensir mai tsini a kan siririn kwali ya fi yankawa. Kowane rami yana iya ɗaukar makamin kakkaɓo jirgin sama nau'in Standard, ko Tomahawk mai kai hari kan tudu daga nisan da ya wuce kilomita 1,000, ko makamin farautar jirgin ƙarƙashin teku, kuma wanda ke kallo daga nesa ba shi da hanyar sanin abin da ke ciki. Sai bindigar Phalanx mai farar hula doguwa, wadda ke da radarta, tana kuma aman dubban harsasai a minti a matsayin kariya ta ƙarshe. Hular biro da aka yanke tana ba da siffarta. Ka bi hoton shekarar da ka zaɓa wajen adadinsu da wurarensu, haka ma bututun makamin Harpoon da ke kwance a karkace a bayan ginin, domin irin waɗannan kaya ana sauya su lokacin gyara. Ƙarshen baya fili ne na saukar jirgi mai saukar ungulu, da fararen layuka a kansa, ba tare da ɗakin ajiya ba.

Fenti kala huɗu ne: ruwan toka mai haske a jiki da ginin sama, ruwan toka mai duhu a daɓe, ja mai duhu a ƙasan ruwa, da baƙin layi siriri a tsakaninsu. Fenti marar ƙyalli ake so, a shafa shi siriri sau biyu ko uku, domin shafi ɗaya mai kauri yakan cike layukan murafan da ka sha wahalar zanawa. Don layin bakin ruwa ya miƙe, ka ɗora jirgin a kan tebur mai daidai, ka kwantar da fensir a kan littattafan da tsayinsu ya kai wurin, ka zagaya da shi, sannan ka bi layin da salatif. Idan lokacin hunturu ne, ka yi fentin a ɗaki rufe, ka kifa babban kwali a kansa har ya bushe, saboda ƙurar da ke sauka a Bauchi a watan Disamba da Janairu tana manne wa ɗanyen fenti ta mai da shi kamar samfefa. Da damina kuma kwali yakan sha danshi ya lanƙwashe, don haka a shafe ciki da wajensa da farin gam da aka sirka da ruwa kafin fenti. Lamba 67 fara ce, a goshi ta kowane gefe.

Allon tarihi

Samfuri ba ya cika sai da allon bayani a gefensa, kuma a nan ma akwai ƙa'ida. Kowane jirgin yaƙi yana da ranaku uku da ake yawan cakuɗawa: ranar da aka kafa ƙashin bayansa, ranar da aka tura shi ruwa, da ranar da rundunar ta karɓe shi ya fara aiki. An fara ƙera USS Cole a 1994 a kamfanin Ingalls da ke Pascagoula a jihar Mississippi, aka tura shi ruwa a 1995, ya fara aiki ranar 8 ga Yuni 1996, mazauninsa kuma Norfolk ne a jihar Virginia. Sunan na Saje Darrell Cole ne, wanda aka kashe a yaƙin Iwo Jima a 1945. Ma'aikatansa kimanin 300 ne.

Abin da ya kamata ya ci rabin allon shi ne ranar 12 ga Oktoba 2000. Jirgin ya tsaya shan mai a tashar Aden ta ƙasar Yaman, da hantsi, sai wani ƙaramin kwalekwale mai inji ɗauke da mutum biyu ya matso ta gefensa na hagu kamar ɗaya daga cikin masu hidimar tasha, ya tashi da abubuwan fashewar da ke cikinsa. Fashewar ta huda gangar jiki daidai bakin ruwa, rami mai faɗin mita 12 ko fiye, kusa da ɗakin girki inda ma'aikata suka fara layin abincin rana. Mutum 17 suka mutu, fiye da 30 suka ji rauni, kuma ƙungiyar Alƙa'ida ce ta shirya harin, bayan wani yunƙuri da ta yi kan USS The Sullivans a wannan tasha a watan Janairun shekarar ya ci tura saboda kwalekwalen ya nutse don nauyin kaya. A ganina wannan shi ne wurin da ɗalibi zai nuna ya fahimci aikinsa. Radar da ke hango makami daga nisan ɗaruruwan kilomita ba a yi ta don kwalekwalen da ke tafe a hankali cikin tasha mai cunkoso ba, ramuka 90 ɗin nan kuma babu wanda ya yi amfani a wannan safiya. Abin da ya yi amfani shi ne ƙarfen jiki, da rarraba cikin jirgin zuwa ɗakuna masu ƙofofin da ruwa ba ya ratsawa, da horon ma'aikatan, waɗanda a ƙarƙashin Kwamanda Kirk Lippold suka kwashe kwanaki suna toshe ɓaraka da kwarfar ruwa cikin zafi, wani lokaci babu lantarki, gawawwakin abokan aikinsu suna maƙale a cikin ƙarafa, har suka hana jirgin nutsewa.

Ba na goyon bayan a huda samfurin ko a shafa masa jan fenti don nuna harin, domin mutane ne suka mutu a wurin, kuma suna da iyaye da 'ya'ya. Ya isa a zana wurin da siririn layi a gefen hagu, a tsakiyar jirgi, wanda a ma'auninka zai kai faɗin santimita shida, a sa lambar da ke kai mai kallo ga bayanin allo. Sauran labarin gajere ne. Wani katafaren jirgin dako na ƙasar Norway mai suna Blue Marlin ya ɗauko shi a bayansa ya kai shi Pascagoula a watan Disamba 2000, aka gyara shi, ya koma hannun rundunar a watan Afrilu 2002, kuma a daɓen wani lungu na cikinsa an dasa taurari 17, ɗaya ga kowane mamaci. Bayan harin ne aka ƙara wa jiragen wannan nau'i ƙananan bindigogi a gefuna, aka kuma tsaurara dokokin kusantarsu a tasha.

Idan akwai sauran wuri a allon, a kawo kaɗan daga tarihin 'yan'uwansa, amma a rubuta sunan kowanne a fili don kada a jingina wa Cole abin da ba shi ya yi ba. USS Bainbridge ne ya jagoranci ceto kyaftin ɗin jirgin Maersk Alabama daga hannun 'yan fashin teku a gaɓar Somaliya a watan Afrilu 2009. USS Porter da USS Ross ne suka harba Tomahawk 59 kan sansanin Shayrat na Siriya a watan Afrilu 2017, kuma ya dace a faɗi wannan domin mai kallo ya tuna cewa jirgin makamin kai hari ne, ba na kariya kaɗai ba. A wannan shekara ta 2017 USS Fitzgerald ya yi karo da jirgin dakon kaya a kusa da Japan, mutum 7 suka mutu, bayan wata biyu kuma USS John S. McCain ya yi nasa karon a kusa da Singafo, mutum 10 suka mutu, binciken rundunar ya kuma ɗora laifin a kan ƙarancin horo da gajiya da sakacin masu tsaron duti. A watan Oktoba 2023 USS Carney ya kakkaɓo makamai masu linzami da jirage marasa matuƙi da 'yan Huthi suka harbo a Bahar Maliya, irin aikin da aka zana jirgin dominsa shekaru arba'in da suka wuce, kuma a wannan watan ne aka ƙaddamar da USS Jack H. Lucas mai lamba 125, na farko a zubi na uku, wanda ke ɗauke da sabuwar rada SPY-6.

Tambayar da masu kallo a nan gida ba sa rasa yi ita ce ko Najeriya tana da irinsa, don haka a shirya amsarta: rundunar sojan ruwan Najeriya ba ta da distiroya, jirgin yaƙinta da ya fi shahara shi ne NNS Aradu, wanda kamfanin Blohm & Voss na Jamus ya ƙera, ya fara aiki a 1982, tsawonsa kuma kimanin mita 125 ne. Yankan inuwarsa a kan baƙar takarda da ma'auni ɗaya, wato santimita 62 da rabi, a liƙa a ƙasan samfurin, yana nuna bambancin girman ba tare da dogon bayani ba. Ranar tafiya wurin baje koli a ɗaure jirgin da dunƙulen tsumma a cikin kwali mai murfi, a cire hasumiyar a riƙe ta daban a cikin gwangwani, a tafi da ɗan gam da ragowar fenti don gyaran gaggawa, kuma kada a bar kwalin a cikin mota rufe a rana, domin zafin watan Maris da Afrilu yana sassauta gam ya kuma tsattsaga foti.